Hannun Baba a Takardar Silbano

Shekara goma sha bakwai ke nan cif, a wannan wata na zafi, da rasuwar Silbano, Baturen Italiya da tsofaffin Gwandu da Kalgo suka sani da Mai Zane. Na ce cif ne don ku san ina da lissafi, ko da yake a aji huɗu na firamare ni da boko muka yi sallama, kowa ya kama gabansa, babu wanda ya yi kukan wani. Labarin rasuwar bai iso ni ba sai bayan watanni, cikin wasiƙar da 'yarsa ta rubuto, hedimasta ya karanta mini a gindin darbejiya, yana karantawa yana satar kallon fuskata. Tun daga nan, duk shekara idan watan ya zagayo nakan sauko da bututun da takardunsa suke ciki, in kaɗe, in duba, in mayar. Bana ban mayar ba. Takardun suna shimfiɗe a kan tabarma a ƙofar gidanmu, an danne kusurwoyinsu da duwatsu, ana aiki da su. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan.

Yaran yanzu za su ce wane ne kuma Silbano. Ba gwamna ba ne, ba kuma ɗan ƙwallo ba. Siririn mutum ne mai dogon hanci, wanda ranar ƙasarmu ta mayar da wuyansa ja kamar na zakara. Wani kamfanin gina hanya da ya kafa sansani kusa da Kalgo lokacin ina da ƙarfina shi ya zo da shi, aikinsa zanen kwalbati da ƙananan gadoji. Daga baya na gane aikin ya yi masa kaɗan. Ya yi karatun zanen gine-gine mai zurfi a ƙasarsu. Mahaifinsa mai sassaƙa dutse ne a wani ƙauye na kan tudu, inda a cewarsa awaki suka fi mutane yawa, kuma suka fi su hankali. Yana saurayi ya yi ta shiga gasar zanen gini a babban birninsu, ana ta ba wasu. Da ya gaji, ga mata ga 'ya, sai ya kama aikin zana abin da wasu suka tsara. Har ya bar duniya babu gini ɗaya, a can ko a nan, da za a nuna a ce wannan na Silbano ne. Shi da bakinsa ya faɗa mini haka, yana dariya, amma irin dariyar da ba ta kai ido.

Ni kuwa magini ne ɗan magini. Mahaifina Mamman Dogo, Allah ya jiƙansa, yana cikin waɗanda ake kira idan za a ɗaura bakan gizo a Gwandu, wato irin lanƙwasasshen ginshiƙin nan na ƙasa da azara da ke ɗauke da rufin zaure ba tare da an kafa komai a tsakiya ba. Ba ya awo da tef. Da kamu yake awo, daga gwiwar hannunsa zuwa ƙarshen dogon yatsa. Da yake dogo ne, kamunsa ya fi na kowa, har mutane kan ce in kana son ɗaki mai yalwa ka kira Dogo, kamu goman sa sha ɗayan wani ne. Ni na biyo mahaifiyata, gajere ne. Wataƙila shi ya sa tun farko na ga sana'ar ba ta dace da ni ba. Da kamfani ya zo na tattara na tafi Kalgo, aka ba ni hular kwano da takalmin roba, na koyi kwaɓa siminti. Idan na zo gida ranar hutu ba na cire hular sai zan yi alwala. Na gaya wa Baba a gaban mutane cewa zamanin laka ya wuce. Ya ci gaba da murza igiyarsa.

Ni na kawo Silbano Gwandu. Ya ce yana son ganin garinmu, na hau bayan babur ɗinsa muka zo, ina ta ɗaga wa mutane hannu don su shaida. Nufina in nuna masa sabon ofishin da aka yi da bulo. Ko kallonsa bai yi ba. Muka zo wucewa ta wani zaure da Baba ya gina wa wani attajiri, sai ya taka birki har na daki bayansa. Ya shiga, ya ɗaga kai, ya bi rufin da kallo. Sannan ya zaro fensir.

Bayan mako biyu ya dawo da zanen, ya miƙa wa Baba da hannu biyu. Zane ne mai kyau, kowane layi a miƙe, an ja shi da rula. Baba ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya mayar masa.

"Wanga dai akwati na, Bature, ba zaurena ba."

Na fassara, na rage zafin maganar kamar yadda ya kamata ɗa mai hular kwano ya yi. Silbano ya ce in faɗa masa daidai. Na faɗa. Sai Baba ya kama hannun rigarsa ya kai shi jikin bangon, ya sa shi ya shafa tun daga ƙasa. Bangon yana da ciki a ƙasa, yana tafiya yana tsukewa zuwa sama kamar mutum a zaune. Na gabas ya fi sauran kauri, domin ta can ruwa yake dukan gari. Babu kusurwa mai kaifi ko ɗaya. Duk abin da Silbano ya ɗauka karkata ce ya gyara da rularsa, da gangan Baba ya yi shi. Wuyan Bature ya ƙara ja. Bai yaga takardar ba. Ya rubuta kalma ɗaya a samanta da yarensu, wadda ya ce ma'anarta kuskure, kuma har yau ita ce ta farko a cikin bututun.

A ranin nan ne Baba ya tashi gina zauren gidanmu. Ya aiko mini Kalgo in zo mu ɗaura azara tare. Na aika masa cewa aiki ya yi yawa. Ya sake aikowa. Na sake aikawa. Silbano kuwa lokacin hutunsa na shekara ya yi, wanda ya kamata ya hau jirgi ya je ya ga matarsa da 'yarsa. Bai je ba. Ya ɗaure jakarsa a babur ya nufi Gwandu. Kafin ya tafi ya tsaya a bakin kwalbatin da nake aiki, ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce da Hausarsa mai ɗingishi, "Ummaru, kai jaki babba." Leburori suka yi ta dariya. Na ce a raina ai bai san nauyin kalmar ba. Yau na tabbata ya sani.

Tun daga aza harsashi har sa indararo yana zaune a gefe a kan turmin da aka kife, allo a cinya. Mata suna aiko masa da fura, yana sha yana yamutsa fuska yana miƙa ƙwarya a ƙara. Abin da ya zana a makonnin nan ba hoton zaure ba ne irin wanda ake ratayewa a bango. Cikin ginin ya zana, abin da laka take rufewa har abada. Yadda ƙafafun bakan gizo biyu suke tasowa daga bango biyu masu fuskantar juna. Yadda ake ɗaura azara da igiya, kowane hawa ya ɗan leƙo ciki fiye da na ƙasansa, a danne gindinta, a lulluɓe da laka, a bari ya bushe kafin a ɗora na gaba, har ƙafafun biyu su haɗu a sama. Inda ƙulli yake ya zana ƙulli, har da gefen da bakin igiya ya kwanta. Ya san magina ba su karanta Italiyanci, saboda haka a gefen kowane hawa ya jera 'yan ƙananan ranaku masu gashi, kamar zanen yara, rana ɗaya a madadin kowane yini da Baba ya jira laka ta bushe. Wani hawa uku, wani huɗu, na kusa da ƙarshe shida.

Tambayarsa kullum ɗaya ce, har yaran unguwa suka mayar da ita waƙa: "Ruwa, ina tafi?" Duk abin da aka nuna masa, sai ya tambayi inda ruwan sama zai bi. Baba ya ce wannan ne Bature na farko da ya ji ya yi tambayar magini.

Da kwangila ta ƙare ya kwafe takardun kashi biyu, ya tafi da ɗaya, ya naɗe ɗaya cikin guntun bututun kamfani ya toshe bakinsa. Ya miƙa wa Baba. Baba ya ce shi abin yana kansa, mi zai yi da takarda, a ba Ummaru. Na karɓa kamar an ba ni ajiyar tsumma. Na rataye shi da waya a jikin azarar ɗakina don gara, kuma gaskiya ita ce tsoron surutun mutane ya hana ni yar da shi. Matata Kulu ta yi shekaru tana zaton takardun gona ne.

Yanzu ga inda zan faɗi laifina, kuma ina roƙon masu karatu kada su tausaya mini, ban cancanta ba. Bayan rasuwar Baba zauren ya dawo hannuna. Ginin ƙasa yana son a riƙa yi masa yaɓe da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, lokaci zuwa lokaci. Ni, babban gwanin siminti na Kalgo, na ga wannan wahala ce ta mutanen da. Na sayo siminti na shafe zauren ciki da waje, sumul, na yi masa fenti shuɗi. Mutane suka zo suna sha'awa. Na sa aka ɗauki hoto na aika wa Silbano, domin muna musayar wasiƙa jefi-jefi, ina jiran yabo. Amsar da ta zo babu rubutu a cikinta. Zane ne kawai: zaurenmu da ido da baki, an sa masa rigar leda tun daga wuya har ƙasa, rana a samansa, zufa tana zuba, harshensa a waje. Na yi dariya har da hawaye, na nuna wa abokai a majalisa, na jefa cikin bututu. Ban kankare simintin ba.

Ƙasa tana shan ruwa tana fitarwa. Idan ka rufe ta da siminti, ruwa zai sami tsaga ya shiga, amma ba zai sami hanyar fita ba. Shekara da shekaru bango yana ruɓewa a ɓoye, ni kuma ina bin tsaga ina liƙewa da ƙarin siminti, ina cewa na gyara. A daminar bara, wata Talata da hantsi bayan ruwan kwana biyu, bangon gabas ya zauna, bakan gizo ya karye, rabin rufin ya zubo. Minti kaɗan kafin nan Kulu ta wuce ta ciki da tulu a ka. Allah ya tsare. Na tsaya a kan ɓaraguzai ina kallon ɓawon siminti mai shuɗin fenti a kwance, lafiyarsa lau, ƙasar da ke bayansa kuwa ta zama kunu.

Aka yi taron gida. Nasiru, ɗan ƙanena marigayi, wanda ya yi karatun gini a babbar makaranta kuma yake zana wa mutane gidaje a kwamfuta, ya ce a kawo katafila a share wurin, a yi shaguna uku na bulo da ƙofar ƙarfe. Ba zan zalunce shi ba, maganarsa da hujja. Ya ce mata da yara ta nan suke bi safe da yamma, kuma babu sauran mai ɗaura bakan gizo a gidan nan. Ya dube ni da ladabi ya ce, "Ko kai ka iya, Baffa?" Shekara saba'in da 'yan kai ina amsa sunan ɗan Dogo, ban taɓa ɗaura azara ɗaya ba. Na ce ban iya ba, amma akwai wanda ya iya, yana rataye a ɗakina. Aka yi ta ja, daga ƙarshe aka tsaya a kan magana ɗaya: a ba ni rani guda. Idan ruwan farko na bana ya sauka ya tarar da zaure a tsaye da rufinsa, bai ɗiga ba, zaure ya zauna. Idan ba haka ba, katafila ta shigo, ni kuma in rufe bakina har kabari.

Nasiru ya ɗauki hotunan takardun da wayarsa ya tafi ya zuba a kwamfuta. Bayan kwana uku ya dawo yana murmushin masu ilimi.

"Baffa, Baturen nan naka anya ya ci jarabawar lissafi? Ya rubuta faɗin zaure goma sha biyu. In mita ce, wannan masallacin Juma'a ne. In ƙafa ce, bai kai ba, na auna harsashin da kaina. Lambobinsa ba su hau komai ba."

Na bar shi ya gama. Na ce, "Injiniya, kwamfutar taka tana da hannu?"

"Wane irin hannu?"

Na zaro takarda ta ƙarshe, wadda bai ɗauka ba don ya ga babu gini a kanta. Doguwa ce, siririya. A kanta akwai hannun mutum tun daga gwiwa har ƙarshen yatsu, girmansa na gaske. Silbano ya gane cewa mita ba ta da amfani ga wanda zai sake gina zauren, domin ba da mita aka haife shi ba. Sai wata rana ya roƙi Baba ya kwantar da hannunsa a kan takarda, ya bi gefensa da fensir. Duk lambar da ke cikin zanen nan kamun Dogo ce. Ga ƙaramin yatsan nan da ya karkace tun ranar da azara ta faɗo masa. Ga ƙullin gwiwar. Har inda fensir ya ɗan yi tsalle, lokacin da Baba ya ji cakulkuli ya motsa.

Na ɗora nawa hannun a kai, ya gaza da faɗin yatsa uku, kamar yadda na sani. Nasiru yana ƙarami ƙwarai kakansa ya rasu, ko fuskarsa ba ya tunawa. Ya naɗe hannun riga ya ɗora nasa. Saura ƙiris ya cike. Ya daɗe a durƙushe. Da ya ɗago sai ya ce ai jiya ya yanke farce, shi ya sa. Ranar ya sare sanda daidai tsawon hannun, da ita muke awo har yau.

Kada wani ya ɗauka daga nan komai ya zo da sauƙi, ko kuma takarda ta riƙe komai. Kududdufin da Baba yake ɗibar ƙasa an cike shi an yi gidaje a kai, sai da muka nemo wata a bayan gari. Azarar da muka tono daga ɓaraguzai yawancinta tana nan da ƙarfinta bayan shekara arba'in da wani abu, gara ba ta taɓa ta ba, amma wadda ta karye ba ta da madadi a kasuwa, giginya ta yi wuya. Wani tsohon abokin aikina na zamanin Kalgo ya rushe tsohon ɗakinsa a Dangoma, shi ya ba mu tasa. Sai kuma kwaɓi. Ana kwaɓa ƙasa da ciyawa a tattake, a bar ta ta kwana ta nuna. A nan Silbano bai zana rana ba. Hanci ya zana, dogo irin nasa, da alamar tambaya. Wato Baba da sansana yake ganewa, kuma fensir ba ya zana wari. Sai da muka je Dalijan muka ɗauko Malam Jabbi, na ƙarshe da ya rage cikin waɗanda suka yi wa Baba kwaɓi. Idonsa ya tafi, hancinsa yana nan. Kowace safiya a kai masa dunƙulen laka, ya sansana, ya ce, "Ba ta yi ba, ku bari ta ƙara kwana." Ranar da ya ce ta yi, na sansana ni ma, na sa Nasiru ya sansana, na ce ya adana wannan a inda kwamfuta ba ta kai.

Nakan tambayi kaina abin da Silbano zai ce da zai sauka a tashar Gwandu yau. Zai ga layin shaguna na bulo da kwano, waɗanda da azahar mai shago yake fitowa waje ya bar kayansa su dahu su kaɗai. Zai ga zanen gidajen da yaranmu suke yi a kwamfuta, kowane gida da mota ja a gabansa da ciyawa shar da wasu mutane farare suna yawo, ban san daga wace unguwa ake samo su ba. Ba na jin zai yi faɗa. Ba mai ƙin sabon abu ba ne, kwalbatocin da ya zana da siminti aka yi su, kuma wasu suna nan suna aiki. Zai tsaya ne a gaban kowane gini ya karkata kai ya ce, "Ruwa, ina tafi?" Sannan ya jira amsa. Na san mutane da yawa masu manyan takardu da za su fara duba wayarsu.

Gwaji mafi tsanani ya zo a hawa na kusa da ƙarshe, mai rana shida. Mun makara, zafi ya kai inda ya kai, kuma a yini na huɗu hadari ya leƙo daga gabas, baƙi ƙirin, ya yi ta gurnani ya watse. Nasiru ya same ni a gindin tsani.

"Baffa, mu sa rodi biyu a ciki da ɗan siminti, mu rufe da laka. Gobe mu haɗe. Wa zai sani?"

Na lura da cewa "mu" ya ce. Yaron da ya zo da maganar katafila yanzu shi ne yake tsoron kada ruwa ya riga mu. Na ji daɗi, amma ban nuna ba. Na ce, "Na taɓa yi wa zauren nan dabara sau ɗaya, ta kusa kashe mini mata. Takarda ta ce shida."

Kulu tana jin mu daga bakin ƙofa. Ta ce, "Malam, wai ranar takarda kake jira ko ranar Allah?"

Na ce duka biyun, kuma in ta san hanyar da za a sa ɗaya ta yi sauri ta faɗa. Ta ce ita dai ta san bututun nan ya fi ta daraja a gidan nan tun tana amarya. Muka jira na biyar. Muka jira na shida. Ban taɓa kallon gabas a rayuwata kamar kwana biyun nan ba, in ban da lokacin salla.

Makon jiya ƙafafun biyu suka haɗu. Ni na ɗaura ƙullin ƙarshe, Nasiru yana riƙe da takarda yana cewa bakin igiya hagu, Baffa, hagu. Muka lulluɓe, muka jira ranakun da aka zana. A takardar wannan hawa akwai ɗan ƙaramin mutum tsaye a ƙololuwar bakan gizo, dogo, hannu a ƙugu. Baba ne. Al'adar magina ce: kafin kowa ya bi ta ƙarƙashin abin da ka ɗaura, kai za ka fara hawa kansa ka tsaya. Idan zai karye, da kai zai karye. Shekaranjiya da safe na kama tsani. Nasiru ya ce gwiwata ba za ta kai ba, shi zai hau. Na ce wanda ya kayar da zauren shi zai hau. Na ɗauki lokacin da ya isa a dafa shayi kafin in kai, jama'a sun taru, wasu suna salati, wasu suna ɗauka da waya don in na faɗo kada a rasa. Na miƙe tsaye. Ban sa hannu a ƙugu ba, don ina buƙatarsu duka biyu. Malam Jabbi daga ƙasa yana tambaya, "Ya riƙe? Ku hwaɗa min, ya riƙe?" Kafin a ba shi amsa na ji tsani yana motsi, sai ga Nasiru a gefena. Mu biyu, ya riƙe.

Silbano ba Musulmi ba ne, ni kuma ba malami ba ne. Hisabinsa yana wurin Wanda ya halicce shi, ba zan shiga abin da ba nawa ba. Abin da na sani shi zan shaida. Baƙo ya zo daga nesa, ya tarar da dattijo yana aikin da ɗansa ya raina, ya zauna a kan turmi ya kalla da idon da ya kamata ɗan ya kalla. Ya yarda an ce masa ya yi kuskure, ya rubuta da hannunsa, ya sake daga farko. Ya ajiye mini gadon ubana shekara arba'in, har na yi hankalin da zan karɓa. Ya tafi yana ganin bai bar gini ko ɗaya ba. Ban san yadda ake lissafin wannan a Italiya ba. A nawa lissafin na aji huɗu, bakan gizon da ke tsaye a ƙofar gidanmu yau mutum biyu suka ɗaura shi, Dogo da Mai Zane, mu leburori ne kawai.

Aiki bai ƙare ba. Saura jera azarar rufi, saura dakan ƙasa a sama, saura makuba, saura indararo, kuma hadari yana ƙara yawan leƙowa. Sharaɗin taron gida yana nan yadda yake, ban nemi a sassauta ba, ba zan nema ba. Gobe bayan asuba za mu hau.

Jiya Nasiru ya zo da doguwar farar takarda da fensir, ya ce in kwantar da hannuna zai zana, a haɗa da na kakansa a cikin bututu. Na janye hannuna. Na ce wannan hannun shi ya shafa siminti, bai kai ba tukuna. Na ce ya jira ruwan farko. Idan ya sauka, muka tsaya a cikin zaure ni da shi da Kulu, muka ji indararo yana zuba a waje, ƙasa a bushe ƙarƙashin ƙafarmu, to ya kawo takardarsa. Kuma ya zana shi yadda yake, gajere da yatsa uku. Kada ya gyara.